Dattijo Mai Gwada Yis

A kasuwar Ajingi, gaban rumfar mai sayar da fulawa da yis, wani dattijo yana tsugune. Ƙafar wandonsa a naɗe take, busasshiyar laka ta kama ƙwaurinsa, hannunsa na ƙarnin kifi. Ya roƙo ruwan ɗumi wurin mai shayi, ya zuba sukari da ɗan yis a kofi, ya kafa wa kofin ido.

"Baba, fanke za ka soya ne?" in ji mai rumfar, yana dariya.

"Kifin karfasa da nake kiwo za su ci, ɗana. A abincinsu nake cuɗawa, yana gyara musu ciki. Yis ɗin wancan makon matacce ne, ga kifin sun rage ci."

Ina gefe da ledar fulawata, kunya ta hana ni tambaya. Ina jin tafki ɗaya gare shi a bayan gida, kuma da shi iyalinsa suka dogara.

Kumfa na tasowa a hankali. Dattijon ya kai kofin kunnensa ya saurara, fuskarsa ta saki.

"Wannan da ransa," ya ce. "Ɗaure mini."