Fuskar Yayana a Kan Tawa

Shekarun baya can, lokacin ina tuƙa raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, a Omdurman, akwai wata tsohuwar Baturiyar Ingila da nake ɗauka kullum da safe. Hawajiya muke ce mata, yadda ake kiran kowace Baturiya a nan. Sana'arta zanen fuskokin mutane, ita ce kuma take yi wa littattafan yara hotuna a ƙasarsu. Wani littafi ne ya kawo ta, tana zana mutanen bakin Nilu. Sai ta zaunar da mai shayi ta yi ta kallonta har matar ta tsargu, sannan ta ɗauki fensir. Ba ta kwaikwayon hoton kyamara. Ta ce sai mutum yana numfashi a gabanta hannunta ke tafiya.

Ni da bakina da ba ya shiru, na koma gida unguwarmu Alsawra na kwashe labarin nan na ba mahaifiyata. Ta ajiye tsintsiya ta ce, "Za ta iya zana wanda ya rasu?"

Na san wanda take nufi. Yayana ruwa ya ci shi a Jabal Awliya yana kamun kifi. Hotonsa guda ɗaya da muke da shi ya lalace shekarar da ruwan sama ya rushe mana ɗaki. Tun daga nan ba ta da inda take ganinsa sai in ta rufe ido, kuma kullum tsoronta kada tsufa ya ƙwace mata wannan ɗin ma.

Na kawo hawajiya gida wurin Inna, da farko ta ƙi. Da karyayyen Larabcinta ta ce, "Malesh, yi haƙuri, Hajja, ban taɓa zana wanda ban gani ba." Inna ta nuna ni ta ce, "Ga ƙaninsa, nono ɗaya suka sha. Ki fara da wannan, ni zan riƙa gyara miki." Matar ta daɗe tana kallon Inna kafin ta ce za ta gwada, amma kada a sa rai da yawa.

Haka na zama abin zane. Na sa farar jallabiyata, har da turare, sai ka ce ƙamshin zai fito a takarda. Na zauna a bakin gado a tsakar gida, wuya ya ƙage, ƙuda na yawo a hancina ba damar kora. Inna na tsaye a bayan hawajiya tana ba da umarni.

"Rage kunnen nan, nasa ba su kai na wannan ba. Yana da wushirya. Ga tabon ƙugiya a girarsa ta hagu. A'a, idonsa ya fi haka sanyi."

A yi, a goge, a sake. Mun yi kwanaki a haka. Ranar da aka sa fenti na ƙarshe, Inna ta dubi allon ta dafe ƙirji. "Shi ne! Wallahi shi ne!" Ta yi kuka, ni ma na yi. Hawajiya kaɗai ce ba ta yi murna ba, tana wanke burushinta kanta a ƙasa. A hanyar mayar da ita ta ce mini, "Ban san wanda na zana ba." Na yi dariya, na ɗauka tawali'u ne irin na masu fasaha.

Ta gama littafinta ta koma ƙasarsu. Zanen ya hau bangon ɗakin Inna, da shi take kwana da shi take tashi.

Bayan an kwana biyu, wata rana da la'asar na tarar ta kifa shi a ƙasan gado. Na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Ɗan nan, da can in na rufe ido yayanka yakan zo mini, yana dariya, ƙafarsa duk laka. Yanzu in na rufe, wannan abin nake gani. Kai ne, da tabonsa a girarka. Na nema, na nema, ya ƙi zuwa."

Na ce zai dawo, tunda an sauke zanen. Bai dawo ba. Har Allah ya karɓi ranta takan tsayar da tsofaffin abokansa ta tambaye su, "Don Allah, yaya bakinsa yake in zai yi magana?" Kowa da abin da zai faɗa, babu biyun da suka zo ɗaya.

Ban taɓa ganin laifin hawajiya ba. Ta faɗa mana iyakar hannunta, mu ne ba mu ji ba. Ban ga na Inna ba kuma, ɗanta take so ta riƙe. Abin da na fahimta shi ne, wanda ya tafi ɗan abin da ya bari a zuciya ba ya son yawan taɓawa. Abin yana ci mini rai har gobe.

Zanen yana wurina. Kwanaki ƙaramar 'yata ta zaro shi daga akwati ta ce, "Lah, Baba, ga ka kana saurayi!" Na buɗe baki zan ce mata baffanta ne, in nuna mata inda muka bambanta. Na duba, na sake dubawa. Ban da tabo da wushirya, ban samu ko ɗaya ba.