Kaka da Shingen Mutanen Guyana

Duk ranar da iska ta kaɗa shingen katakon gidana a unguwar Cheetham Hill ta Manchester, sai in tuna unguwar Handsworth ta Birmingham inda na girma, in tuna kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙan ta.

Gidanmu na can yana tsakanin gidajen wasu tsofaffi biyu. Na dama baƙar fata ne, tsohon direban bas. Na hagu kuwa, in ka gan shi sai ka rantse jiya ya sauka daga Indiya. Amma dukansu mutanen Guyana ne. Baba ya taɓa ba mu labarin ƙasar: tana bakin teku, ga zafi, ga ruwan sama, ga gonakin rake, mutanenta ba su da yawa amma kowa da tushensa. Kakannin wasu a bauta aka kai su daga Afirka, na wasu aka kwaso su daga Indiya don aikin rake, ga 'yan Sin, ga Turawan Fotugal, ga 'yan asalin ƙasar da aka tarar. Siyasa ta taɓa haɗa jikokin Afirka da na Indiya faɗa har aka ƙona gidaje, tsofaffin nan kuma da abin a ransu suka ƙetaro teku. Ko gaisuwa ba sa yi. In sun haɗu wajen fitar da shara, wannan ya ja tsaki, wancan ya yi ƙunƙuni.

Kaka ta zo ne daga Kano don wankan jego, lokacin da Mama ta haifi ƙanena bayan shekaru tana fama da ɓari. Mama ta ɗora ranta a kan sunan nan, ta gayyaci duk wanda ta sani. Ana jibi suna Baba ya shigo jiki a sanyaye.

"Hajiya, sun yi cancelling ɗin hall ɗin da muka kama don taron, wai rufin yana yoyo. Ga coach guda, babbar bas cike da baƙi, zai taso daga Manchester."

Mama ta juya fuska bango tana hawaye. Falonmu ko 'yan layinmu ba zai ɗauka ba, balle baƙi. Na ji tausayinta ƙwarai.

Kaka ta leƙa ta tagar sama, ta ga filayen baya guda uku, sirara, shinge ya raba su. Ta ce, "Ga tsakar gida nan an yanka shi uku. A cire katakon."

Baba ya ce mutanen nan ba sa ga maciji da juna.

"Ba ka ce ƙasarsu ɗaya ba? Ƙabila biyu, kullum tsaki da harara? Ai abokan wasa ne."

Ka san Kaka Babarbariya ce da ta auri Bafulatani, ta ƙare rayuwar aurenta suna tsokanar juna. A wajenta, in ƙabila biyu suna jifan juna da magana, to zumunci ne ya yi yawa. Baba ya so ya gyara mata, kunyar suruka ta ɗaure masa baki.

Da la'asar ta ja hannuna, don ni ce tafintarta. Bazara ce, rana ba ta da niyyar faɗuwa, kowane tsoho yana filinsa, ɗaya yana ba kabewa ruwa, ɗaya yana ɗaure wake. Kaka ta tsaya a tsakiya ta sa na gaya musu matsalarmu. Kowa ya tsaya yana jiran ɗan'uwansa ya fara ƙi. Sai ta nuna na hagu da baki.

"Ce masa na ji an ce mutanensu cin shinkafa kawai suka iya. Zai iya ɗaga katakon, ko in sa wancan?"

Na faɗa da Turancina na Birmingham. Fuskar tsohon ta ɗaure. Kaka kuwa ta riƙe ƙugu tana dariya, tana jiran a rama.

Na dama ne ya cafe zancen. Ya ce wannan ai ko butar shayinsa da ƙyar yake ɗagawa. Na hagu ya juyo, karo na farko da na ga ya kalle shi ido cikin ido, ya ce wa ke magana, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a zaune kan kujerar bas? Da na fassara, Kaka ta rangaɗa guɗa, ta kwance gefen zaninta ta miƙa wa na hagu goro, wai shi ya ci wannan zagayen. Na dama ya yi iya ƙoƙarinsa ya riƙe fuska, dariya ta ƙwace masa.

Katakon irin wanda ake zarewa ta sama ne, sai mutum biyu sun kama. Haka suka bi shingen nan suna zarewa, kowa yana cewa ɗayan ne rago.

Ranar suna filin ya cika maƙil. Ga tuwo da miyar taushe, ga shinkafa mai ruwan kwakwa da matan gidajen biyu suka dafa, kowace tana cewa tata ce ta asali. Mama ta fito cikin leshinta, ƙanena a kafaɗa, tana dariya har da hawaye. Ban taɓa alfahari da kowa kamar yadda na yi da Kaka a ranar ba.

Ba a mayar da shingen ba. Kaka ta koma Kano, ta rasu ba ta san kuskure ta yi ba, mu ma ba wanda ya gaya mata. Yanzu a layina da wuya ka san sunan maƙwabcinka, balle ka tsokane shi.

Bara na dama ya rasu, na je Birmingham jana'iza. Na hagu ya tsufa ƙwarai, amma ya ƙi yarda a ɗauki akwatin gawar ba tare da shi ba. Ya kama gefe ɗaya, hawaye na zuba, ya ce yadda kowa zai ji, "Ragon nan, har yau ni yake bar wa ɗaukar kaya."