Ku taya ni kai wa Yakubu hoton ɗansa

Na yi jika! Matar ɗana Yakubu ta haifi namiji. Jama'a, barkanmu da warhaka.

Tun ranar da muka gudu daga Mubi muka rabu da Yakubu a hanyar Belel. Mun dawo gida, shi har yau lambarsa ba ta shiga.

Na yi ta ɗaukar jaririn hoto da waya. Uwarsa ta ce, "Baba, ɗauki kunnen sosai. Irin na babansa ne, zai gane."

Na ce, "In ba ya da waya fa, 'yata?"

Ta ce, "Wani zai nuna masa."

Don Allah ku yaɗa hoton nan. Waɗanda ke kusa kuma, ku zo unguwar Yelwa a nan Mubi ku ga yaron da idonku.