Zoben da Na Wanke da Toka

Mu biyar ne a tsakar gidana a Gummi ranar nan: ni, da matar ɗana, da dillaliyar unguwarmu, da Bafulatanar da ke kawo mana nono, sai ɗiyar ƙanwata marigayiya. Kwananta tara da baro ƙauyensu na wajen Zugu, bayan ɓarayin daji sun kore masu dabbobi. Ta zo da yara biyu da ƙullin kaya guda. A bakin zanenta ta ɗaure zoben uwarta, shi take so a sayar ta sayi kasko da mai da wake, ta fara ƙosai a ƙofar gida. Ba ta son zaman a ba ta. Na lura tun kwana na biyu, in an miƙa mata tuwo sai ta kalli ƙasa.

A unguwar nan duk wadda ke shakkar azurfa ni take kawo wa. Wajen uwata na koya. In shinshina, don tagulla na ƙarni, azurfa ba ta yi. In sake ta bisa dutsen niƙa in saurara. In goga a farin ƙyalle in ga ko ta bar baƙin zane. Tun ina da ƙuruciya ban taɓa yanke magana anka dawo mini da ita ba.

Amma irin wannan zobe ban taɓa riƙewa ba. Ƙanwata a Makka ta saye shi, wurin masu tsofaffin kaya. Na sha ganin shi a yatsanta daga nesa, don ba mu cika shiri ba. Fuskarsa kamar ganyen magarya, lungunansa baƙi ƙirin, an jera masa wasu 'yan duwatsu da ba su kai ƙwayar gero ba, masu ƙyallin kwalli kafin a niƙa.

Dillaliya ta juya shi sau ɗaya ta taɓe baki.

"Yaya, wanga ai dalma ce. Dubi baƙinsa. Duwatsun kuma irin na ramukan zinariyar Bagega ne, masu gubar da ka kashe yara. Wa ka sayen wanga ya kai gida mai goyo? In ba ta kuɗin gero mudu biyu, don zumunci."

Matar ɗana ta ja jaririnta baya.

Na amshe shi. Na shinshina, na sake bisa dutse, na goga a ƙyalle. Azurfa ce, na sani. Da na faɗa na yi shiru, da magana ta ƙare. Amma so nake dillaliya ta gani da idonta.

Na ce, "Ke da saninki bai wuce kwanon samira ba, yaushe kinka san azurfa?"

"To, Yaya, wanke shi mu gani."

Bafulatana ta ce su ma in munduwarsu ta yi baƙi toka suke sa mata. Na sa anka tafasa ruwa, na jefa kanwa, na matse lemun tsami, na tsoma zoben.

Ɗiyar ƙanwata ta matso. "Inna, a bar shi hakanan. Uwata ko alwala za ta yi sai ta cire shi."

"Uwarki ba ta taɓa iya kula da kayan ado ba. Matsa."

Na tsamo shi, na dirje da toka, na bi lungunan da tsinken tsintsiya har baƙin ya fita. Ya yi fari tas. Dillaliya ta ɗauki gyalenta ta ce tana da wani wurin zuwa. Matar ɗana ta watsa ruwan a gindin zogale.

Bayan la'asar na ja ɗiyar ƙanwata munka tafi kasuwa wurin maƙerin azurfa. Ya sa gilashi a ido, ya leƙa cikin zoben, ya ce akwai lambobi guda uku: tara, biyu, biyar, shaidar azurfa mai kyau. Na kalli ɗiyar don ta ji. Shi kuwa bai ɗago kai ba.

"Inna, wa ya wanke shi?"

"Ni."

"Da mi?"

Na faɗa masa. Ya aje gilashin.

"Baƙin nan ba dauɗa ba ce. Wanda ya ƙera shi ne ya sa da gangan, don duwatsun su fito. Su kuma ba dalma ba ne, kuma liƙa su anka yi da danƙo. Ruwan zafi ya cinye danƙon. Taɓa nan."

Na bi da farce. Ramuka bakwai, wayam. Idona bai gan su ba a gida, ƙyallin farin ya rufe mini.

Ya ce matan birni da tsufansa suke neman irinsa. Da ya zo yadda yake, da kasko da mai da wake duk sun fito. Yanzu sai dai ya auna ya narke, kuɗin kasko ma da ƙyar.

Na ce, "In an samo duwatsun fa?"

"In liƙa, in mai da baƙin. Ba zai koma daidai ba, amma ya kusa."

Munka kamo hanya. Tana bayana, sai ƙarar silifas ɗinta nake ji. Da zagi ta yi da na san abin da zan mayar mata.

Ina shiga gida na hana shara. Na kife kaji da kwando. Na kifa babbar tasa a gindin zogale inda anka watsa ruwan wankin zoben, na ɗora tubali. Na zauna, na tashi, na koma na duba tubalin. Matar ɗana ta kawo tuwo na ce wa ya aike ta. Ta tambayi abin da maƙeri ya ce, ɗiyar ƙanwata ta riga ni: "Ya ce azurfa ce." Ba ta ƙara ko kalma ba. Wannan ya fi komai hana ni zama.

Da gari ya waye na kwashe ƙasar gindin zogale a masaki. Na taɓa ganin matan Bagega masu neman zinariya na wankin yashi a ƙwarya, suna juyawa har mai nauyi ya kwanta ƙasa. Haka na yi, dunƙule bayan dunƙule, har rana ta hau katanga, guiwata ta ƙage. Na samu biyar. Biyun ko kaza ta riga ni, ban sani ba.

Na ɗaure su a ƙyalle, na kira ɗiyar ƙanwata gaban matar ɗana.

"Ni na ɓata maki zobe. Uwarki ta fi ni sanin shi."

Na zame munduwar azurfar da ke hannuna tun aurena, na ƙulle tare da su, ko da maƙeri zai ce biyar ba su isa ba.

"Ɗauko gyalenki. Kuma ki jiƙa wake kafin mu fita."