Kafson Kindirmo

Ciwona hawa da sauka ne. In ya hau, ba na barci, bakina ba ya rufuwa. In ya sauka, sai in kwanta a ɗaki kamar buhu, ko wanka ba na yi. Saukar ta fi muni. Ta taɓa raba ni da rumfata ta facin taya a Gyaɗi-Gyaɗi, da ƙyar na karɓo wurin daga hannun wani.

Na daɗe ina shan maganin asibiti. Hawan ya lafa, saukar ba ta daina leƙowa ba. Wata rana likita ta ƙara min wani kafso. Ta ce wasu ƙananan halittu ne masu rai a ciki, masu gyara hanji, irin na cikin kindirmo. Ta ce ana ganin hanji yana taɓa ƙwaƙwalwa, amma ba a gama tabbatarwa ba. Zai iya taimakawa, zai iya ƙi. Ta ja min kunne kada in bar tsohon maganina.

Na faɗa wa yayata, don a gidanta nake zaune a Tarauni tun rasuwar Inna. Kindirmo kawai ta ji. Washegari na tarar da ƙwarya fal a ƙofar ɗakina, maganina kuma babu shi a kan taga.

"Yaya, ina maganina?"

"Na ɗauke. Likitar da bakinta ta ce nono ne maganin. Ka huta da haɗiya, 'yan unguwa su huta da ce maka ɗan ƙwaya."

"Ba haka ta ce ba."

"To me ta ce, likitan taya?"

"In kin auno shinkafa aka yi miki gyara, gyarar kike dafawa ki bar mudun a kasuwa?"

"Allah ya kiyaye."

"To wannan gyara ce. Miƙo mudun."

Ta yi tsaki, ta ce tun ina goye bakina ya fi ni girma. Ta kwance bakin zaninta ta fito da maganin. Na haɗiye a gabanta, na kora da nonon, don mai kyau ne, ba a tsarga masa ruwa ba.

Ko kafson ya yi aiki, ban sani ba. Cikina dai ya daina kumburi. Saukar ta sake zuwa da damina, ta same ni ina kan maganina. Jikina ya yi nauyi, magana ta ƙi fita, amma kullum na tashi na je na ɗaga taya.