Gajerun Katakon Baba

Har yau idan na ji ƙarar injin yanka katako, ko a tsakiyar Kaduna ne inda nake sayar da yadi, sai in ji harshena ya yi ɗaci kamar na lashi garin maɗaci. Daga nan kewar gida ta taso ke nan, in rasa abin da ke min daɗi har a tashi kasuwa.

Garinmu wani ƙauye ne a ƙasar Baure. A ƙofar gidanmu akwai maɗacin da kakanmu ya dasa, kuma a gindinsa Baba yake wuni tun da ciwon ƙafa ya raba shi da gona. Buzunsa yana nan, da butarsa, da 'yar rediyonsa da sai an mare ta take magana. Mutanen gari ba su bar bishiyar nan ta huta ba. Mai ciwon ciki, mai shawara, mai basir, kowa sai ya zo da gatari ya ɗebi sassaƙe. Baba ya yi ta faɗa yana cewa za su tuɓe ta tsirara, amma ban taɓa ganin wanda ya koma hannu rabbana ba.

Wata shekara da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, na je gida don a yi sallah da ni. Rannan da la'asar hadari ya haɗu, irin wanda iska ce zalla, babu ko ɗigon ruwa. Muna cikin masallaci muka ji ƙasa ta girgiza. Da muka fito sai ga maɗaci kwance, saiwoyinsa a sama. Allah ya taƙaita, fili ya nufa, ko katangar zaure bai taɓa ba. Baba ya dogara sandarsa ya daɗe a tsaye a kansa, sannan ya ce, "To, ka riga ni."

Ni da Yayana ba mu ɓata lokaci ba wajen rabon abin da ba namu ba. Ƙyauren zaurenmu ya daɗe da ruɓewa, sai mun ɗaga shi da kafaɗa yake rufuwa. Muka ce ga ƙyaure Allah ya kawo har ƙofar gida, jan katako mai nauyi, wanda jikoki za su gada. Aka sanar da malamin daji, aka kuma aika garin Mai'adua a kira ɗan gwaggonmu, wanda yanka katako ne sana'arsa. Taubashina ne, don haka tun bai kafe babur ba ya fara.

"A'a, ɗan birni, kai ma kana nan? Matsa can kada ƙura ta ɓata maka shadda."

Na ce, "Kai dai sauke injin. Na ji an ce katakonka kamar ƙafar kare yake, ba ya miƙewa."

Yana kwance igiyar da ya ɗaure injin da jarkar fetur, Baba ya kira shi. Ya je ya durƙusa. Baba ya ce, "Kafin ka yi wa yaran nan ƙyaurensu, ka fitar min da nawa. Gajeru nake so, masu kauri, kamar kamu biyu. Daga tsakiyar gungumen, inda ya fi ja."

"Benci za a yi, Kawu?"

"Itacen kabarina ne."

Baba ya sha zuwa jana'iza, ya sha ganin yadda ake sa mamaci a ƙaramin rami sannan a shiga neman itacen da za a jera a kansa, a saro duk reshen da aka samu, ɗanye ko ruɓaɓɓe. Shi ba ya son haka. A inuwar maɗacin nan aka raɗa masa suna, a nan ya tsufa, kuma shi yake so ya rufe shi.

Raina ya ɓaci, kuma ni ba na iya ɓoyewa. Na ce, "Haba Baba, wace irin magana ce wannan da azumi a baki? Lafiyarka ƙalau."

Ya dube ni yana murmushi. "Mai sayar da likkafani ne yake tsoron itacen kabari? Ai gara za ta ci ni ko na ƙi ko na so. Ina dai so ta sha ɗaci tukuna kafin ta iso."

Taubashina ya fashe da dariya, Yaya ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na bar wurin, don in na tsaya hawaye zai ba ni kunya.

Washegari ana idar da sallar asuba taubashina ya tayar da injin, don ya ci rabonsa kafin rana ta buɗe. Ya fara datse rassa, mata suka aiko a kwashe musu na girki. Sannan ya daddatsa gangar jikin gungume-gungume. Yana da wata igiya da yake tsomawa a baƙin mai, mu riƙe masa bakinta biyu, ya ɗaga tsakiyar ya sake, ta bar baƙin layi a jikin itacen. Layin nan yake bi da injin, yana ja da baya a duƙe, jan gari yana feshi har kan gemunsa. Garin ya shiga ido, ya shiga hanci, ya manne da gumi. Ga ƙishirwar azumi, ga ɗaci a maƙogwaro, mutum ya yi ta tofarwa har yawun ya ƙare. Da hantsi ya yi sai ya jiƙa tsumma ya ɗora a ka, kafin ya gama layi ɗaya ya bushe ƙayau.

Kafin azahar dole a tsaya, don injin ma zafi yake ɗauka. Sai ya zauna ya ciro magagari yana wasa haƙoran sarƙar ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ba ni tausayi a lokacin shi ne ƙafafunmu. Duk wanda ya gaji sai ya nufi gindin maɗaci don ya huta, sai ya isa ya tarar da rana tsirara da wani rami. Baba kansa yini ya yi yana jan buzu, yana bin 'yar siririyar inuwar katanga. Inna kuwa, mahaifiyarmu, tana bayan ƙyauren zaure tana leƙe ta inda ya tsage, ta aiko a ce a ajiye mata sassaƙe kada 'yan gari su kwashe.

A rana ta biyu aka ga abin da ya kayar da bishiyar. Gindin duk rami ne, gara ta cinye cikin ta bar ɓawo. Na sama kuma ya karkace, ga kulli. Gungume ɗaya ne tak mai lafiya, ja wur kamar nama. In aka tsaga shi a tsaye, ƙyaure ya samu. In aka datsa shi gajeru, ƙyaure ya tafi.

Taubashina ya kashe injin ya dube ni, wannan karon babu tsokana. Na dubi Yaya, Yaya ya dubi ƙasa. Baba yana can jikin katanga yana jan carbi kamar ba da shi ake ba. Ina son ƙyauren nan, ba zan ɓoye ba, kuma na fi son kada in ga katakon da zai riƙa tuna min da abin da nake gudu. Amma na ce, "Datsa masa." Ya ja igiyar injin, ya juya shi a gicciye.

Da yamma aka kai wa Baba gajerun katakonsa. Ya ɗora ɗaya a cinya, ya shafa, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya sansana. Ya sa aka jera duwatsu a kusurwar zaure, aka barbaɗa toka a ƙasa saboda gara, aka ɗora katakon a kai. Tun daga nan zaure ya zama wurin zamansa. Baƙo in ya tambaya, sai ya ce, "Rufin sabon ɗakina ne, magina kawai nake jira." Ƙyaure kuwa na langa-langa muka sa daga baya, mai ƙara kamar ana dukan garwa.

Bayan damina biyu ciwo ya kwantar da shi. Asibitin kusa suka ce a yi gaba, muka taru muka shawarta, shi ma ya yarda, na tafi da shi Kaduna. Ya fara samun sauƙi har yana tambayar ko an kai taki gona. Wata safiya, ita ma cikin bazara, ya cika. Ga zafi, ga nisan hanya. Malamai suka ce inda Allah ya karɓi ran bawa nan ƙasarsa take, Yaya ma a waya haka ya ce, yana kuka. Kafin azahar mun kai shi. Da aka sa shi a ƙaramin rami, masu haƙa suka jawo wasu fararen itatuwa daga tarin da ke gefe, ban ma san ko na wace bishiya ba ne. Ni na riƙa miƙa su ɗaya-ɗaya. A nan ne na ji mutuwar Baba sosai.

Da na je gida zaman makoki, duk shigar da zan yi zaure sai idona ya faɗa kusurwar nan. Bayan an watse na ce wa Yaya a kai katakon masallaci sadaka, duk wanda ya riga a rufe shi da su, ladan ya isa ga Baba. Ashe Inna tana ji daga tsakar gida. Tana cikin takaba, amma ta taso har bakin zaure.

"Kada wanda ya taɓa min su."

Na ce, "Inna, ganinsu yana tayar mana da hankali."

Ta ce, "Ku kau da kai mana. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan nake share ganyen bishiyar nan a tsakar gida. Ina jiyo dariyar ubanku daga gindinta, ina aika masa da fura can. Wurin maza ne, ban taɓa zama a inuwarta ba ko sau ɗaya. Shi ya sha tasa inuwar yana da rai. Wannan ku bar min."

Har yau katakon suna nan inda Baba ya sa aka jera su. Inna ce take sauya tokar da kanta. Tun daga lokacin ba ta ƙara kwana a wani gari ba. Matata ta haihu, ta aiko da yaji da daddawa amma ba ta zo ba. Ina kewarta, ina so 'ya'yana su san ta fiye da ganin sallah zuwa sallah, kuma gwiwarta tana damunta ƙwarai. Zuwan da na yi na ƙarshe na durƙusa a gabanta na roƙe ta ta bi ni likita ya duba ta, ko na mako ɗaya ne, ni zan dawo da ita da kaina.

Ta dafa kaina kamar ina yaro, ta ce, "Haka ka ce wa ubanka. Ni ba na nisa da inuwata."