Gero a Gurbin Dawa

A shekarar da na kammala digiri a fannin noma, damar ƙarin karatu a waje ta rataya ne a kan makin jarrabawar Turanci. Ɓangaren da ya hana ni sukuni shi ne inda ake ba da dogon rubutu, a biyo shi da jadawali mai guraben da za a cike.

Wata tsohuwar malamar sakandare, 'yar kudancin Borno, ita ke koyar da mu a barandar gidanta a unguwar Mafoni, ranakun da ba ta da aikin coci. Ƙa'idarta ita ce a karanta kan jadawali kafin a taɓa rubutun, a gane ko suna gurbin yake nema ko lamba, sannan a kwafo kalmar harafi da harafi, ba tare da wuce adadin kalmomin da aka yarje ba. Nakan maimaita wannan a cikin keke napep tun daga unguwarmu ta Ajilari, leɓena na motsi.

Wata rana ta ba mu gwaji a kan noman rani a ƙasar laka. Marubucin ya kwatanta masakwa, dawar da ake dasawa bayan ruwa ya janye, amma ya kira ta da kalmar Turanci mai nufin gero. Jadawalin kuwa sunan amfanin gonar yake nema, kalma ɗaya tak. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa, har takardar ta huje. Lokaci ya cika ban kai rabi ba.

“Malama, ai ba gero ba ne,” na ce. “Na sha dasa ta da hannuna a gonar kawuna, can wajen Konduga.”

“To, sarkin gyara, kawun naka ne zai duba takardar?” Sauran ɗaliban suka bushe da dariya. “Ɗana, ba a tambaye ka abin da ke gona ba. Abin da mutumin ya ce aka tambaye ka.”

“Ko da kuskure ne?”

“Kwafo masa kuskurensa, ka wuce. In ka je can, sai ka gyara musu.”

Ranar jarrabawa, tun kafin a raba takardu nake fargabar a kawo abin da na sani. Sai aka kawo bayani a kan duwatsun ƙanƙara da ke yawo a teku, abin da ban taɓa gani ba. Na duba kan jadawali, na nemo kalmomin, na kwafe su tsaf, har lokaci ya rage mini.

Makin ya fito yadda ake bukata, malama ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa har yau ban natsu da jadawalin ƙanƙarar nan ba. Ban san kuskure nawa irin na geron nan na kwafa a cikinsa ba, ba tare da na goge ko ɗaya ba.